Wadda Ba Ta Kwanta Ba

Da rana tsaka suka sa wa kicin ɗin Iya kwaɗo, miyarta tana kan wuta. Ko gas ɗin ba su bari ta kashe da hannunta ba. Mai gadi aka tura ya kashe, kamar hannun nata ne annobar. Matar da ta yi shekara da shekaru tana ciyar da ma'aikatan masana'antar nan, tun ginin yana rumfar kwano da 'yan kekunan ɗinki, ita aka tsayar a tsakar fili da ludayi a hannu, ana leƙenta ta taga.

Masana'antar ta ɗinka kayan 'yan makaranta ce da rigunan ma'aikata. Akwai teloli, akwai masu yanka, akwai masu guga, kuma duk a kicin ɗaya suke cin abincin rana. Wata safiya wata mai sa maɓalli ta tashi daga kan kekenta da gudu, ba ta kai bayi ba ta yi amai a bakin ƙofa. Kafin a tashi aiki wasu sun bi sahunta. Washegari layin kekuna ya zama kamar bakin tsohuwa, nan haƙori can giɓi. Amai, zawo, murɗar ciki, wasu har da ɗan zazzaɓi. Bayin masana'antar kuwa kada ma a yi zancensa. An ji tsoron ko kwalara ce, aka kwashi waɗanda suka fi galabaita zuwa asibiti, aka ƙara musu ruwa, likita ya ce ba ita ba ce. To mece ce? Ba wanda ya tsaya yin wannan tambayar. Idanu kawai suka juya wajen kicin.

"Iya, ba fa korarki aka yi ba," in ji Manaja, yana jujjuya makulli a yatsa. Yaro ne wanda ta haifi wanda ya girme shi. "Hutawa za ki yi har a bincika."

"Na ce maka na gaji ne?"

"Mutane sun kwanta, dole a yi wani abu."

"Sai ka ga ni ce wani abun."

Nan Almakashi ya sako baki. Shi ne shugaban masu yanka, dogo siriri, an sa masa sunan saboda ƙafafunsa, amma bakinsa ya fi ƙafafun cancanta. Ciwon ya taɓa shi, ya lallaɓo ya fito, wandonsa yana neman zamewa.

"Ranka ya daɗe, abu ɗaya za a tambaye ta. Kowa ya kwanta. Har Auta, 'yar cikinta, tana gida rungume da bokiti. Ita me ya sa ba ta kwanta ba?"

"Shi ma Manajan ai bai kwanta ba," in ji Iya. "Ga shi nan tsaye kamar turke."

Manaja ya gyara wuyan riga. "Ni ba na cin abincinki, Iya. Daga gida ake kawo mini."

Maganar nan ita ta gama kashe ta. Aka yi ta gyaɗa kai a tagogi. Iya ta dube su ɗaya bayan ɗaya, waɗanda ta ƙara wa nama a ɓoye, waɗanda ta dafa wa na marasa gishiri, ta soke ludayinta a jaka ta fita ta ƙofar baya, inda ta saba shigowa da cefane.

Da a masana'antar abin ya tsaya da da sauƙi. Amma matar Almakashi a layinsu Iya take ɗibar ruwa, kuma kafin rana ta faɗi labari ya isa bakin famfo ya yi 'ya'ya. Wai tsohon nama take dafawa. Wai da ruwan wanke-wanke take haɗa miya. Wai ita ba ta ci, shi ya sa take tsaye garau. Yaran maƙwabta da suke zuwa karɓar ragowar tukunya aka hana su taka ƙofarta. Mai shagon kan kwana, da ya ba ta sabulu, sai da ya goge hannunsa a riga. Wani ɗan iska ma ya raɗa mata suna, Iya Mai Zawo, kuma sunan ya zauna.

Auta, wadda tela ce a masana'antar, ta warware ta koma aiki, kullum tana dawowa da ido ja.

"Iya, ki bar su da Allah."

"Allah yana nan, ni ma ina nan. Me suke cewa yau?"

"Manaja ya aika da shinkafarki da miyarki ɗakin gwaji. An ce ba a samu komai ba."

"To?"

"Almakashi ya ce ai dama kin wanke tukunya tas kafin a ɗiba."

"Miyar da suka ƙwace a kan wuta? Da me na wanke ta, da ido?"

Auta ta ce, "Kuma har yanzu ana kwanciya. Yanzu masu guga ne. Kowa a waje yake sayen abinci, amma ba a daina ba. Sun ce ragowar naki ne yake tashi a ciki."

Iya ta ajiye tsintsiyar da ke hannunta. Ba ta taɓa zama a aji ba, sunanta ma da ƙyar take gane shi a rubuce, amma ta san abincin da aka ci ba ya yin zaman haya a ciki. Ta yafa mayafi.

"Ina ɗakin gwajin yake?"

A bayan babban asibiti yake, a ƙarshen wani dogon lungu mai warin maganin goge ƙasa. Benci a waje, taga mai gilashi, a ciki firij-firij suna ta gunaguni. Iya ta ƙwanƙwasa gilashin da zobenta, ba ta daina ba sai da wata siririyar yarinya mai tabarau da farar riga ta leƙo. Kowa a wajen Malama yake ce mata.

"Sannu, Baba. Gwaji aka turo ki?"

"Ni aka gwada, ban sani ba. Ke ce kika duba shinkafata?"

Da Malama ta gane wace ce, sai ta fito ta zauna kusa da ita a kan bencin. Wannan kaɗai ya sa Iya ta rage murya, don tun da abin ya faru ba wanda ya zauna kusa da ita in ba Auta ba.

"Abin da aka ce mu nema a abincin shi ne ƙwayoyin da ke lalata abinci, bakteriya," in ji Malama. "Mun shuka abincin a farantin gwaji, ba abin da ya tsiro. Amma yadda nake jin labarin ciwon nan, amai farat ɗaya, mutum ya warke da wuri, wani ya ɗauka, ya fi kama da aikin wata ƙwayar dabam. Bairos. Ta fi waɗancan ƙanƙanta nesa ba kusa ba, kuma ba ta tsirowa a farantinmu. Ita sai da wata na'ura ake bin sawunta. Kuma a jikin marar lafiya ya fi sauƙin kama ta, ba a tukunya ba."

"A jikinsa ta ina?"

"Ta bayan gidansa."

"Kashi dai."

Malama ta gyara tabarau. "Eh."

"To ki ce kashi mana, 'yar nan. Na wanke na 'ya'ya, na wanke na jikoki, ba sunansa ne zai kashe ni ba. Me ya hana ki duba nasu?"

"Na je da kaina. Na bar musu kwalabe a ofishin Manaja, na yi bayani. Ko ɗaya ba ta dawo ba. Wanda ya warke ya ce me zai yi da gwaji, wanda bai warke ba kunya yake ji."

"Kunya. Ba su ji kunyar ɓata mini suna ba, sai kunyar abin da ke cikinsu. Ba ni kwalaben."

"Ba zan ba ki ba, Baba. In ke kika kawo, gobe za a ce kin musanya. Da hannuna zan karɓa, in rubuta sunan kowa a jiki, in sa a akwatin ƙanƙara. Amma ni ban san gidajensu ba."

"Ni na sani. Ba gidan da ban kai wa abinci ba ranar da suke kwance da wani ciwon."

Malama ta dube ta. "Akwai magana ɗaya, gara ki ji ta tun yanzu. Mutum yana iya ɗauke da ƙwayar nan bai kwanta ba, kuma tana iya bin hannun mai zuba abinci ta shiga faranti. Dole in gwada naki ke ma. In na same ta a cikinki, haka zan faɗa, kamar yadda zan faɗi na kowa."

Iya ta dubi tafin hannunta. Hannu ne da wuta ta ci, tukunya ta ci, soso ya ci, har ya yi santsi kamar bayan cokali. Da shi ta ciyar da su, da shi kuma ake zarginta. Ta san in maganar yarinyar nan ta faɗo ta wancan gefen, ba kicin, ba layi, sai dai ta tattara ta bar unguwar. Ta miƙa hannun.

"Kawo tawa. Ina bayinku yake?"

Washegari da hantsi aka ga abin kallo a unguwa. Tsohuwa a gaba tana taku kamar mai zuwa karɓar gado, yarinya mai tabarau a baya da akwatin ƙanƙara a kafaɗa. Malama ta fara gwada nata salon a gidan farko, da sallama da "don Allah" da "in ba damuwa". Aka ce mata mai gidan ya fita, alhali ana jin tarinsa a ɗaki. Daga nan Iya ta karɓi magana.

Wajen Baba Mai Guga ba a sha wuya ba. Dattijo ne, yana kwance a tabarma ya rame kamar tsumma, ciwon bai daɗe da kama shi ba.

"Yaya, ni fa ban ce ke ce ba," in ji shi. "Tun da likita ya hana ni mai, rabona da abincinki an daɗe. Daga gida nake zuwa da nawa, kin sani."

"Na sani. Amma da ake yanka ni a fili, bakinka yana wajen guga ne?"

Ya sunkuyar da kai, ya miƙo hannu aka ba shi kwalba da ɗan cokalinta. Malama ta yi masa tambayoyi, yaushe ya fara, me ya ci, wa ya kwanta a gidan. Ta dubi Iya ta ce a hankali, "Irin nasa nake so. Wanda cikinsa bai gama tsayawa ba."

Mai sa maɓallin da ta fara amai ta ɓuya a bayan labule tana dariyar kunya. Iya ta ce mata, "Ke da kika yi shi a bakin ƙofa gaban maza, yau kwalba ce za ki ji wa nauyi?" Ta bayar. Wani tela ya ce shi yau bai ji zai yi ba. Iya ta jawo kujera ta zauna a ƙofar ɗakinsa, ta ce ba ta da kicin, ba ta da aiki, tana da lokaci. Bai daɗe ba ya ji zai yi.

Gidan Almakashi ta bari na ƙarshe. Matarsa ce ta buɗe, tana ganin Iya ta tare ƙofa da jikinta.

"Lafiya?"

"Da lafiya za ki gan ni? Kira mini mijinki."

"Yana barci."

Iya ta ja da baya zuwa tsakiyar layi, inda masu wanki da masu talla za su ji da kyau.

"Almakashi, ka ce na zuba maka abu a ciki. To ga ni na zo karɓar abina. Fito ka ba ni shi a kwalba, a kai a duba ko nawa ne."

Tagogi suka fara buɗewa. Almakashi ya fito da sauri yana ɗaura zariyar wando.

"Haba Iya, wannan ai tonon silili ne. Ni babba ne fa a wajen aiki."

"Babba ba ya kashi? Ranar da ka tsaya gaban Manaja kana auna ni kana yankawa, ƙarami ne kai?"

"Ki rage murya mana."

"Murya ɗaya gare ni. Karɓi kwalba ta ragu."

Ya fizge kwalbar daga hannun Malama ya shige ciki. Matarsa ta bi shi da harara, Iya ta bi matar da tata. Da ya dawo ya naɗe kwalbar a cikin leda har uku, ya miƙa yana kallon sama kamar mai duba hadari.

Saura mai gadi, shi ma ya ɗan taɓa kwanciya, kuma a bakin ƙofar masana'anta kaɗai ake samunsa. Suka isa daidai lokacin tashi daga aiki. Iya ba ta da izinin shiga, sai ta tsaya a bakin get, hannu a ƙugu, tana kallon ma'aikata sun yi layi a gaban na'urar dangwala yatsa. Wata 'yar akwati ce baƙa a jikin bango, da gilashi kamar faɗin ƙwayar ido. Manaja ne ya kawo ta don maganin masu latti. Da safe a dangwala, za a fita cin abinci a dangwala, an dawo a dangwala, za a tashi a dangwala.

"Dube su," in ji Iya, da ƙarfi don su ji. "Masu lasar yatsa. Wai su ne za su ce hannuna yana da datti."

Malama tana rubutu a jikin kwalbar mai gadi. Ta ɗago.

"Me kika ce, Baba?"

"Na ce masu lasar yatsa. Ƙarya na yi? Ki duba mana."

Malama ta duba. Wani tela ya ɗora babban yatsansa a kan gilashin, na'ura ta yi ja, ta ƙi. Ya kai yatsan baki ya lasa, ya mayar, ta yi kore. Na bayansa ya ɗora, ta ƙi, ya lasa, ya mayar. Wata ta lasa har sau biyu tana zagin na'urar. Haka layin yake tafiya, ba wanda ma ya san yana yi.

"Kullum haka suke yi?"

Mai gadi ya yi dariya. "Ai dole. Yadi yana shanye musu danshin hannu, masu guga kuma zafi ya busar da nasu. In ba a jiƙa ba, ba ta karɓa. Ni ma sai na lasa."

"Ana goge ta?"

"Manaja ya ce kada a sa mata ruwa, za ta lalace."

Malama ta juyo wajen Iya. "Ke fa, kina dangwalawa?"

"Ni? Ta ƙi ni tun ranar farko." Iya ta buɗe mata yatsunta masu santsi. "Tukunya ta cinye zanen. Na lasa, na hura, na goga a zani, ta ce ba ta san ni ba. Suka yi ta yi mini dariya, Almakashi ya ce na'ura ma ta san ni ba mutum ba ce. Tun daga ranar ta ƙofar baya nake shiga, mai gadi ya shaida na zo."

"Manaja fa?"

"Wa zai kama Manaja da latti?"

Malama ta ajiye akwatin ƙanƙara. Ta sa safar hannu, ta zaro wani tsinke mai auduga a kai daga leda, ta ce wa na gaban layi ya dakata. Ta goga audugar a kan gilashin da gefensa, ta jefa a kwalba ta rufe. Ta goga wani a hannun ƙofar bayi, wani a kan famfo. Sannan ta ce wa mai gadi ya kira mata Manaja. A gaban Iya ta gaya masa a rufe na'urar nan daga yau, kada a jira sakamako. Manaja ya ce to da me zai san masu latti. Malama ta ce gara masu latti da masu zawo. Iya ta ji yarinyar ta ƙara shiga ranta.

Kwanakin jira Iya ba ta zauna ta yi tagumi ba. Ta wanke zannuwan girkinta ta shanya a waje inda kowa zai gani. Ta goge ludayinta da toka har yana ɗaukar ido. In ta je famfo aka yi shiru, sai ta ce, "Ku ci gaba mana, ni ma labarin yana yi mini daɗi." Sau ɗaya ne Auta ta same ta da yamma tana wanke hannu, ta ɗauraye, ta sake sa sabulu, ta sake ɗaurayewa.

"Iya, in fa aka ce ke ce?"

"In ni ce, da ƙafata zan je in tsaya a filin nan in ce ni ce. Amma sai an nuna mini, ba a yanka mini da baki ba."

Ranar da Malama ta aiko a kira ta, a ofishin Manaja aka zauna, su uku. Fanka tana juyawa, Manaja yana ta gyara biro a kan tebur.

"Bairos ce," in ji Malama. "Irin wadda ke sa amai da zawo, mai saurin yaɗuwa a inda jama'a suke cuɗanya. Mun same ta a yawancin kwalaben. Tana cikin waɗanda suka ci abincin kicin, tana cikin Baba Mai Guga da bai ci ba, tana cikin waɗanda suka kwanta bayan an rufe kicin. Mun same ta a hannun ƙofar bayi. Mun same ta a kan gilashin na'ura."

"Nawa fa?" in ji Iya.

"Ba ta cikin naki, Baba."

Iya ba ta yi guɗa ba, ba ta yi kuka ba. Ta gyara zaman mayafinta kawai.

"Wa ya kawo ta?" Manaja ya tambaya.

"Ban sani ba, kuma ba zan ƙaga ba. Wani ya ɗauko ta daga gida ko daga mota, kamar yadda ake ɗauko mura. Abin da na samu shi nake faɗa. Mai ciwo ya fito bayi bai wanke hannu da sabulu ba, ya dangwala. Na bayansa ya dangwala, ya lasa. Tun da aka rufe na'urar, mutum nawa suka kwanta?"

Manaja ya yi tari. "Sun ragu sosai."

Ya jawo aljihun tebur, ya ɗauko makullin kicin, ya turo shi gaban Iya da yatsa ɗaya, yana murmushin da bai kai ido ba.

"To alhamdu lillahi. Iya, gobe sai ki dawo. Abin da ya wuce ya wuce."

Iya ta dubi makullin kamar an ajiye mata mataccen ɓera.

"A ɗakin nan ka rufe mini kicin?"

"A'a, amma..."

"A fili ka rufe shi, ana leƙe ta taga. A fili za ka buɗe shi. Sunana ba a aljihun tebur ya ɓace ba."

"Iya, ni fa bincike na ce a yi. Ban taɓa cewa ke ce ba."

"Kwaɗon ya faɗa a madadinka."

Ya dubi Malama ko za ta cece shi. Malama ta ce ita ma dama tana so a tara mata mutane, ta yi musu bayanin wanke hannu da goge wuri da bilic, ruwan kashe ƙwayoyin cuta. Ba yadda ya iya. Aka kashe kekuna, aka tara kowa a filin da ke gaban kicin. Malama ta yi nata bayanin, da ta zo kan lasar yatsa sai dariyar kunya ta tashi, wasu suka ɓoye hannu a aljihu. Sannan Manaja ya matso, ya yi gyaran murya, ya ce wani abu a ƙasan maƙoshi game da kuskuren fahimta.

Iya ta zaro ludayi daga jaka, ta ƙwanƙwasa ƙofar kicin da shi.

"Kunnena ya tsufa, ɗana. Ban ji ba."

"Na ce abincin Iya ba shi ne ya kawo ciwon ba."

"Na can baya sun ji?"

Ya ɗaga murya, jijiyar wuyansa ta tashi. "Ba abincin Iya ba ne. Mun zarge ta a kan abin da ba ta yi ba. Iya, ki yi haƙuri."

"Buɗe."

Da hannunsa ya buɗe kwaɗon. Warin miyar da aka bari a tukunya ya bugo su, na gaba suka toshe hanci. Iya ta ce wannan kam yanzu tana iya kashe mutum, kuma wanda ya rufe ta shi ya san inda zai zubar. Mai gadi da wasu teloli suka yi saurin ɗauke tukunyar kafin Manaja ya gane da shi ake.

Almakashi yana ƙoƙarin sulalewa ta bayan masu guga, amma tsayinsa ya tona shi.

"Kai, dawo. Ka tambaya me ya sa ban kwanta ba. Ka samu amsa?"

"Na samu, Iya. A yafe mini. Ciwo ne ya sa ni faɗar abin da bai kamata ba."

"Ciwon a ciki yake, ba a baki ba. Na yafe na nan. Amma matarka ta kai labarin bakin famfon layinmu, yana can har yanzu yana shan ruwa. Yau da yamma, lokacin da mata suka cika, da ƙafarka za ka je ka ɗauko shi. Ka biya ta wajen mai shago."

"Ni a cikin mata, Iya?"

"Ka fi son in rako ka?"

Ya ce a'a, zai je. Ya kuwa je, Auta ta gan shi da idonta, yana tsaye a cikin bokitai kamar sandar rake, yana bayanin bairos, matarsa a gefe tana kallon ƙasa.

Washegari Iya ta shigo ta ƙofar baya da cefanenta. Ta wanke kicin da bilic tun daga bango har ƙasa, ta ɗora tukunya. An naɗe na'urar dangwale da leda baƙa an ɗaure da zare. A bakin famfon da ke gaban kicin an ajiye sabulu, kuma da rana ta yi Iya ta tsaya a ƙofa da ludayi, ba wanda ya samu faranti sai da ya nuna mata hannu yana ɗigar ruwa, gaba da baya. Baba Mai Guga ya zo da kwanonsa na gida, ya ce shi gaisuwa kawai ya zo. Ta ce gaisuwar ma sai da sabulu.

Almakashi ne a ƙarshen layi. Ya wanke, ya nuna, ya miƙa hannu zai ɗauki faranti. Farantan sun manne da juna, suka ƙi rabuwa. Bai san lokacin da babban yatsansa ya nufi baki ba.

Ludayi ya sauka a kan wuyan hannunsa.

"Koma famfo," in ji Iya. Ta ɗebo masa tsoka mai kyau ta ajiye a gefe, ta tsaya tana jiransa.